Kan Shamuwa

A Viljandi, a ɗakin sama na gidan kakata,
inda sanyi ke shigowa ta kafar taga kamar mai bin bashi,
na tarar da gwangwanin biskit mai tsatsa
cike da mutanen da suka daina tsufa.

Ga kakata Leida da ƙuruciyarta a bakin tafki,
hannu ɗaya a kan keke.
Ga wani soja da ba a san ɗan wane ne ba.
Ga hoton biki, shekarar ta koɗe a bayansa:
mutum goma sha ɗaya gaban rumbun hatsi,
amma fuska goma.

Ta ɗayan, almakashi ya cinye.
An yanke kan tsaf, zagaye kamar kwabo,
aka bar kwat, aka bar hannun da ya dafa kafaɗar kakata.
Na ɗaga hoton, hasken fitila ya leƙo ta ramin
ya zauna mini a goshi.

Na taɓa tambayar innata Virve, tun tana da sauran tuni.
Ta ce, "Abin da aka binne da almakashi
ba a tone shi da baki."
Ta ci gaba da ferayar dankali.

To, ni ba mai tone-tone ba ce, mai liƙe-liƙe ce.
Jarina takarda da gam, zare da fentin ruwa,
sai wata tatsuniya da kakata kan yi mini
a daren hunturu, wanda ba ya son wayewa:
wai iskar gabas ce ta zo da tsakar dare
ta ɗauke wani saurayi ko takalmi bai sa ba.
Ya yi ta tafiya har ƙafafunsa suka yi ja don sanyi,
wuyansa ya yi tsawo don waiwayen gida,
ya zama shamuwa.
In ƙanƙara ta narke yakan sauka kan bututun hayaƙi,
ya ƙwanƙwasa baki, tunda murya ta ƙare a hanya,
ƙanwarsa ta ajiye masa ɓawon burodi, ba ta ce uffan.
A nan kakata ke tsayawa.
In na ce sai me, ta ce sai barci.

Kwana tara ina kai.
Asalin ban taɓa shi ba, kwafi na buga a takarda mai kauri.
Kan farko ya fito kamar na agwagwa, na yaga.
Na biyu ya cika fushi.
Na uku ne ya dube ni.
Fukafukan na yanko daga tsohuwar taswirar jirgin ƙasa,
layin da ya miƙe gabas har ya faɗo daga gefen takarda.
Da jan zare na ɗinka hannunsa a kafaɗarta.
Allura ta soke ni, na bar ɗigon a wurin,
ya bushe, ya saje da launin hoton.

Ran Lahadi na kai mata gidan tsofaffi.
Yanzu takan gaishe ni da ladabi, kamar baƙuwa.
Ta kai takardar dab da ido,
ta bi bakin tsuntsun da yatsa.

"Kawu Valdur," ta ce.
"Hancinsa dai bai kai haka ba."
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
Da ta sha ruwa ta ce, "Mama ce ta yanke,
washegarin da motar ta zo.
Ba fushi ba ne, yarinya.
A cikin sarƙar wuyanta ta sa shi,
da shi aka rufe ta."

Sai ta tambaye ni ko ni ce mai kawo magani.

A hanyar gida na ga sheƙa bisa turken lantarki,
fayau, sai dusar ƙanƙara ta kwanta a ciki.
Afrilu da sauran nisa.
Duk da haka, da na isa,
na gutsuri ɓawon baƙin burodi
na ajiye a bakin taga.